Kwamfutar Tebur Tana Tsuwa: Tambayoyi da Amsoshi

Masu shagon buga takardu, ɗalibai, masu haɗa bidiyo da matasa masu wasan gem duk suna zuwa da koke iri ɗaya: kwamfuta na aiki lafiya, amma akwai wata siririyar ƙara da ke fitowa daga cikinta tana shiga har ƙwaƙwalwa. Na tattara tambayoyin da suka fi maimaituwa a nan. Roƙona guda ne tun daga farko, kada ka sayi komai sai ka gano ainihin inda ƙarar take fitowa. Na ga kuɗi da yawa sun tafi a banza saboda an tsallake wannan matakin.

Wace irin ƙara ake nufi? Ai kowace kwamfuta tana ƙara.

Haka ne, amma ƙara suna ta tara. Akwai hucin iska, "shuuu", wanda fanka ke yi idan tana tura iska, kuma wannan ba matsala ba ce. Akwai ƙugi mai kauri, "uuum", irin wanda ake ji kusa da taransifoma ko tsohon firji. Sai kuma wadda muke magana a kanta, siririya mai tsini kamar kukan sauro a bakin kunne ko kukan gyare da dare. Ita nake kira tsuwa. Wanda ya taso da tsohuwar talabijin mai ƙatuwar ƙeya ya san irinta, domin waccan tana fitar da sauti mai kaɗawa 15,625 a daƙiƙa, har kana iya sanin an kunna ta daga wani ɗakin ko da an rage murya gaba ɗaya.

Kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga kaɗawa 20 zuwa kusan 20,000 a daƙiƙa, kuma da shekaru suka ja, saman wannan iyakar ne ke fara tafiya. Shi ya sa yaro zai ce kwamfuta na damunsa, mahaifinsa ya kasa kunne ya ce bai ji komai ba. Babu mai ƙarya a cikinsu. Idan kai ne ba ka ji, ka ɗauki maganar wanda ya ji da muhimmanci.

Tana da haɗari? In kashe kwamfutar ne?

Mafi yawan lokuta babu haɗari. Tsuwar da ta daɗe tana nan, ba ta ƙaru ba, kwamfuta ba ta mutuwa ba ta daskarewa, damuwa ce ga kunne kawai.

Amma ka cire filogi nan take idan tsuwar ta zo tare da ƙaurin roba ko na waya, ko kana jin tartsatsi "tsit-tsit" kamar ana soya abu, ko kwamfutar tana mutuwa da kanta tana sake tashi, ko jikin akwatin yana jan ka idan ka taɓa. Haka kuma idan inji ya shekara uku shiru sai rana ɗaya ya fara kuka mai ƙarfi, ruwa ba ya tsami banza. Irin wannan yawanci daga fawa saflai ne, wato akwatin da ke karɓar wutar bango yana rarraba ta, kuma idan ya ƙone yakan tafi da wasu kayan. Duba amsar da ke kan buɗe fawa saflai kafin ka kai hannu.

Ta yaya zan gano inda take fitowa?

Siririn sauti yana yaudarar kunne. Yana bugun bango da tebur ya dawo, sai ka rantse daga hagu yake alhali daga dama ne. Don haka fara da abubuwan da ke wajen akwatin. Kashe monita da maɓallinta ka saurara. Cire lasifika daga wuta. Cire cajar waya, na'urar intanet, firinta, da duk abin da ke jikin soket ɗin, ɗaya bayan ɗaya, kana tsayawa kana saurare bayan kowanne. Wani mai shagon buga takardu ya taɓa kawo mini kwamfutarsa bayan ya canza fanka biyu da fawa saflai ɗaya, a wurina kuma ta ƙi yin ƙarar sam. Da na bi shi shagon, ashe wata cajar waya ce mai araha da ke maƙale a bayan teburin. Abin ya dame ni ƙwarai, domin kuɗin da ya kashe ribar kwanaki ce a wurinsa.

Idan ka tabbatar daga cikin akwatin ne, kashe kwamfutar, kwance murfin gefe, taɓa ƙarfen akwatin don sauke wutar da ke jikinka, sannan ka kunna ta a buɗe. Naɗe takarda ko kwali ya zama kamar bututu, sa baki ɗaya a kunnenka, ka riƙa kai ɗaya bakin kusa da kowane sashe: bayan fawa saflai, kewayen furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar), katin hoto (mai zana abin da ake gani a allo), faifan ajiya, kowace fanka. Inda sautin ya fi tsini, nan ne. Takarda ko roba kawai, ban da ƙarfe, kuma kada ka sa sukundireba a kunne kamar yadda makanikai ke yi wa injin mota.

Sai ka lura da lokacin da take zuwa, domin lokacin yana faɗin rabin amsar. Tana nan tun daga danna maɓalli, ko sai Windows ta buɗe? Tana canza murya idan ka motsa linzamin kwamfuta, wato maus, ko ka ja shafi ƙasa? Tana zuwa ne idan aka koma janareta? Akwai manhajar waya mai suna Spectroid a Android da ke zana sauti a allo. Tsuwa tana fitowa a matsayin siririn layi a sama, kuma layin yana ƙara haske idan ka matso da wayar kusa da tushen.

Ta yaya zan san ko fanka ce?

Ita ce ta fi sauƙin ganewa kuma ta fi arahar gyara. Kwamfuta na kunne, sa yatsa a tsakiyar fankar, wato cibiyarta, ka danna a hankali har ta tsaya na daƙiƙa biyu ko uku, sannan ka saki. Idan ƙarar ta ɗauke ta dawo tare da juyin, ka kama ɓarawon. Kada ka kai yatsa ga fukafukan, kada ka riƙe fankar furosesa fiye da haka, ta cikin fawa saflai kuma kada ka cusa mata komai.

Abin da ke kuka a fanka boris ɗinta ne. Masu araha suna juyawa ne a kan hannun ƙarfe mai ɗan mai, kuma zafi da ƙura suna busar da man. Bayan hunturu ɗaya a Kano ko Zinder, idan ka buɗe akwatin da ba a taɓa sharewa ba za ka ga ƙura ta yi kauri kamar bargo a kan fukafukai da ƙarfen sanyaya furosesa. Ƙurar tana sa fanka ta karkace a juyi, tana kuma sa furosesa ta yi zafi, sai fankar ta ƙara gudu ta ƙara kuka. A kashe, a cire wuta, a hure da bulowa a waje, ana riƙe da fankar don kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Ɗigon man keken ɗinki ɗaya a ƙarƙashin takardar da ke bayanta yakan ba ta 'yan watanni. Gyara na dindindin shi ne sabuwa, a auna girmanta (yawanci milimita 80, 92 ko 120) a kuma ƙirga ƙafafun filoginta, uku ne ko huɗu. Ƙananan fankoki sun fi tsuwa domin dole su yi gudu sosai kafin su tura iskar da babba ke turawa cikin natsuwa.

Na tsayar da kowace fanka amma tsuwar tana nan. Me ke kuka alhali babu abin da ke juyawa?

Koyil ne. A kan babban allon kwamfuta, kewaye da furosesa, za ka ga wasu ƙananan akwatuna masu kusurwa huɗu a jere, baƙaƙe ko masu ruwan toka. A cikin kowanne akwai wayar tagulla da aka nannaɗe. Akwai irinsu a katin hoto da cikin fawa saflai. Aikinsu shi ne taimakawa wajen sauke wuta daga bolt 12 zuwa kusan bolt 1 da furosesa ke sha, kuma ana yin hakan ne ta hanyar kunna wutar da kashe ta sau dubu ɗaruruwa a daƙiƙa. Duk kunnawa tana haifar da maganaɗisu, maganaɗisun yana jan wayar da abin da aka naɗe ta a kai, sai su yi rawa ƙanƙanuwa da ido ba ya gani.

A ƙa'ida wannan rawar ta fi ƙarfin kunne. Amma buƙatar wutar furosesa da katin hoto tana hawa da sauka, kuma idan hawa da saukar suka faɗo cikin iyakar da kunne ke ji, sai koyil ɗin ya zama kamar ƙaramar lasifika. Wasu ƙananan kafasita na yumɓu, masu riƙe wuta na ɗan lokaci, su ma suna lanƙwasa kaɗan idan wuta ta canza, su girgiza allon. Alamar tsuwar koyil ita ce tana bin aikin da kwamfutar ke yi, tana hawa tana sauka a take, saɓanin fanka da ke ɗaukar daƙiƙoƙi kafin ta canza gudu. Ba lalacewa ba ce, kuma ba ta rage wa na'ura kwana. Ana samunta a katin hoto mai tsada kamar yadda ake samu a mai araha, har kati biyu iri ɗaya daga kamfani ɗaya wani ya yi wani ya ƙi.

Sai na buɗe gem take farawa, musamman a shafin farko. Me ya sa?

Domin a shafin farko babu abu mai nauyi da za a zana, sai katin hoton ya sake jiki yana fitar da hotuna ɗari biyar ko ma dubu a daƙiƙa. Kowane hoto jan wuta ne guda, kuma jan wuta sau dubu a daƙiƙa sauti ne da kunne ke ji sarai. Monita ta yau da kullum hoto 60 kawai take nunawa a daƙiƙa, saura duk wahalar banza ce.

Maganin shi ne a sa wa katin iyaka. Kunna V-Sync, mai daidaita yawan hotunan da abin da monita ke nunawa, a cikin saitin gem ɗin. Idan katinka NVIDIA ne, akwai Max Frame Rate a cikin NVIDIA Control Panel, ka sa shi daidai da abin da monitarka ke ɗauka. Masu AMD suna da Radeon Chill a cikin manhajar katin. Idan har yanzu tana damunka a tsakiyar wasa, manhajar MSI Afterburner tana ba ka damar rage iyakar wutar katin zuwa kashi 80 cikin ɗari, misali. Ƙarfin da za ka rasa kaɗan ne, zafi ya ragu, tsuwar ma takan lafa. A ganina duk mai wasa a ɗakin da babu na'urar sanyaya iska ya kamata ya yi wannan ko da katinsa ba ya kuka.

Tawa akasin haka ce: tana tsuwa idan ba a aiki, ta yi shiru idan na ba ta aiki mai nauyi.

Wannan daga koyil ɗin furosesa ne. Idan babu aiki, furosesa tana yin gyangyaɗi don adana wuta, ta farka ta duba, ta koma, sau ɗaruruwa a daƙiƙa. Wannan kai-komon ne kake ji, kuma shi ya sa motsa linzamin kwamfuta ke canza muryar. Gwaji mai sauƙi: shiga Power Options a Windows ka zaɓi High performance. Idan tsuwar ta canza ko ta ɓace, ka gano bakin zaren.

Mataki na gaba yana cikin BIOS, wato shafin saitin babban allo da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta, kafin Windows ta buɗe. Ana shiga da F2 a Dell, F10 a HP, ko Delete a yawancin kwamfutocin haɗi. Nemi C-States ko C1E, saitin gyangyaɗin furosesa, ka kashe. Sai dai akwai farashi: furosesar ba za ta ƙara hutawa sosai ba, za ta ƙara shan wuta ta ƙara zafi. A watan Afrilu, ko ga mai aiki da batirin sola, ni ba zan yi ba sai idan ƙarar ta hana aiki. Rubuta duk abin da ka canza a takarda don ka iya mayarwa.

Na kashe kwamfutar gaba ɗaya amma ina jin tsuwa da dare.

Kwamfutar tebur ba ta mutuwa duka muddin filogi na jiki. Tsarin ATX da kamfanin Intel ya fito da shi a 1995 ya bar wani ƙaramin layi na bolt 5 a kunne kullum, wayarsa ruwan shuɗi-ja ce a cikin babban filogin, don maɓallin kunnawa ya yi aiki. Ƙaramin sashen da ke samar da wannan wutar yakan yi tsuwa idan babu abin da ke jan ta sosai. Kashe makunnin da ke bayan fawa saflai ko na soket ya wadatar, kuma da ma hakan kariya ce daga wutar da ake kawowa da ƙarfi tsakar dare. Idan BIOS ɗinka yana da saitin tattalin wuta mai suna ErP, kunna shi yakan kashe tsuwar, amma ramukan USB za su daina cajin waya bayan an kashe kwamfutar.

Ba ta yi a wutar NEPA, sai an koma inbata ko janareta.

To laifin wutar ne, kwamfutar tana nuna maka ne kawai. Wutar layi a Najeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, tana hawa da sauka sumul kamar igiyar ruwa. Inbata mai araha da ƙananan UPS da yawa suna kwaikwayon wannan ne da matakai masu kaifi kamar na bene. Kowane kaifi yana bugun koyil ɗin fawa saflai, sai ka ji zuuu mai haɗe da tsini. Fawa saflai na zamani masu gyara yadda suke jan wuta sun fi ƙin wannan, wasu ma mutuwa suke yi daidai lokacin da UPS ta karɓa. Ƙaramin janareta kuma gudunsa yana hawa da sauka duk lokacin da aka kunna firji ko dutsen guga, wutar ta bi shi.

Mintunan da za ka yi kana adana aiki kafin ka kashe ba za su yi illa ba. Amma idan shago ne da ke wuni a kan inbata, nemi wadda aka rubuta Pure Sine Wave a jikinta. Sitabilaiza ba ta gyara wannan, domin ita ƙarfin wuta take daidaitawa, siffar kaɗawar tana nan yadda ta zo.

A lasifika ko abin kunne nake jin ta.

Iri biyu ne. Idan ƙugi ne mai kauri da ba ya canzawa, kaɗawar wutar gida ce ta shiga layin sauti, kuma yawanci hakan na faruwa idan kwamfuta da amfilifaya suna soket daban-daban, ko gidan ba shi da wayar ƙasa mai kyau. Haɗa su a soket ɗaya ka gani. Kada ka karya ƙafa ta uku ta filogi don kashe ƙugi, ita ce ke tsakaninka da jan wuta.

Idan kuwa siririya ce mai bin motsin linzami ko hoton gem, hayaniyar koyil ɗin da na yi bayani a sama ce ta tsallaka cikin wayar sauti. Ramin gaban akwati ya fi kamuwa domin wayarsa tana ratsa cikin kwamfutar ta gefen katin hoto. Koma ramin baya, rufe makirufo da Line In a saitin sauti idan ba ka amfani da su, ka ɗaga murya a kwamfuta ka rage a jikin lasifikar. Idan bai yi ba, ƙaramin katin sauti na USB yakan raba gardama, kuma ba shi da tsada.

Ko faifan ajiya ne?

Idan kana da HDD, wato faifan ajiya mai juyawa, mai yiwuwa ne. Faifansa yana juyi 5,400 ko 7,200 a minti. Na 7,200 juyi 120 ke nan a daƙiƙa, kuma idan an ɗaure shi kai tsaye a ƙarfe sai akwatin duka ya ɗauki ƙugin. Ɗaure sukurorin da kyau ko sa roba a tsakani yana rage shi. Don tabbatarwa, kashe kwamfutar, cire wayoyinsa biyu, kunna ka shiga BIOS ka saurara.

A nan ma ina cewa a yi gaggawa. Faifan da ya fara sabuwar tsuwa mai tsini, ko ƙarar gurza, ko "ƙwas-ƙwas" a jere, yana iya tafiya da hotunan aure da takardun shekaru a dare ɗaya. Kwafe abubuwanka yau, kafin ma ka ci gaba da bincike. Bayan haka ka duba lafiyarsa da CrystalDiskInfo, kyauta ce. Idan ta nuna Caution da ruwan ɗorawa, canza shi. SSD, ɗaya nau'in ma'ajiyar, ba shi da abin da ke juyawa, don haka komawa gare shi yana kawar da wannan tushen baki ɗaya.

Da na kashe monita sai ta ɗauke.

Ƙara haskenta zuwa 100 ka saurara. Monitoci da yawa suna rage haske ne ta hanyar ƙyafta fitilar bayansu da sauri, kuma sashen da ke yin hakan yana tsuwa a tsakiyar haske, musamman tsofaffi masu fitilar bututu. Idan ta yi shiru a 100, bar ta a nan ka rage hasken daga saitin katin hoto. Idan tana da adafta a waje, kai kunne gare ta ita ma.

Zan iya buɗe fawa saflai in gyara, ko in zuba gam a kan koyil?

Fawa saflai kada ka buɗe. A cikinsa akwai babbar kafasita, irin abin da masu gyaran fanka ke kira kwandansa, wadda ke riƙe wuta ta kusan bolt 400, kuma tana iya ci gaba da riƙe ta bayan an cire filogi. Hanyar gwada shi ita ce a aro wani mai kyau a sa a gurbinsa. Wannan gwajin yana da amfani ko da katin hoto ne ke kuka, domin kati ɗaya yakan yi tsuwa da wani fawa saflai ya yi shiru da wani. Idan za ka sayi sabo, nemi mai shaidar 80 Plus daga sanannen kamfani. Shaidar ta tattalin wuta ce, ba alƙawarin shiru ba, amma waɗanda ba su da ita kuma ba su da nauyi a hannu su ne suka fi zuwa mini a ƙone.

Zancen gam kuwa, a masana'anta ana yi wa koyil wani shafe don hana shi rawa, amma yawancin na yanzu a rufe suke ruf, gam ɗinka ba zai kai ga wayar ba. Abin da zai yi shi ne ya riƙe zafi ya kuma kashe maka garanti. Abin da ya dace ka duba da ido a babban allo shi ne kafasita masu kama da ƙananan gwangwani: samansu ya zama a shafe. Wadda ta kumbura ko ta zubo da ƙasa-ƙasan ruwa ta mutu. Kwamfutocin da aka ƙera tsakanin 1999 da 2007 sun yi fama da wannan sosai, kuma mai gyara da ya iya dalma zai iya canza su.

Za ta daina da kanta? Ko in mayar da kayan?

Wani lokaci tsuwar sabon kati takan ragu bayan makonni na aiki, wani lokaci kuma tana nan har ƙarshen rayuwarsa. Kamfanoni da yawa ba sa lissafa ta a matsayin aibi, don haka dogaronka yana kan yarjejeniyarka da mai shago, kuma a kwanakin farko ne maganarka ta fi ƙarfi. Ɗauki sautin a waya ka je da shi. Idan zama da ita ya kama, sauke akwatin daga kan tebur zuwa ƙasa a kan ɗan katako, rufe murfinsa, ka juya bayansa daga inda kake zama. Siririn sauti ba ya ratsa shinge kamar mai kauri, kuma duk lokacin da ka ninka nisanka da akwatin, ƙarfinsa yana faɗuwa sosai.

Zan sayi kwamfuta ta hannu. Me zan duba don kada in kai tsuwa gida?

A cikin hayaniyar kasuwa da janareta ba za ka ji komai ba, don haka ka nemi mai shago ya ba ka kwana biyu ko uku na gwaji, ku yi maganar a gaban shaida. Kafin ka biya, ka ce a buɗe murfin: dubi kafasita, dubi ƙura, juya kowace fanka da yatsa a kashe ka ji ko tana gurza. Ka tambaya HDD ne a ciki ko SSD.

Sai ka leƙa bayan fawa saflai. Tsofaffin Dell da HP da aka shigo da su daga Amurka wasunsu suna da ɗan jan makunni mai lamba 115 da 230. Wutar can 120 ce, tamu 230. Tabbatar 230 ne ke nunawa kafin filogin ya taɓa soket. Da ka isa gida, kunna ta da dare bayan gari ya yi tsit, ka bar ta minti goma ba ta aikin komai, sannan ka buɗe bidiyo mai nauyi ka sake kasa kunne, da farko a wutar layi, sannan a inbatarka.